Ta'aziyya a Bakin Jirgi

Unguwar Sulay, birnin Riyad

Zuwa ga Yaya Delou,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da duk mutanen gida, manya da yara. Yaya ciwon gwiwar nan da ya matsa miki a damina? Allah Ya kawo sauƙi. Yaya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan ƙanenki, Ya yalwata masa makwanci, Ya sa ya fi mu jin daɗi a inda yake. Ni dai lafiyata lau, sai godiyar Allah. Hoton 'yarki Biba da ɗanki Bachir da kika aiko ya zo, na ga yaron ya yi wuya ya yi tsawo, kunnuwan nan na ubansa sun ƙara fitowa. Allah Ya saka miki da alheri a kan riƙon da kike yi musu, ni ba ni da bakin gode miki.

Kin ce in daina yi miki saƙon murya da ba kya jin komai a ciki sai jan hanci. Kin yi gaskiya. Shi ya sa da na ji Lukman ɗan Matameye zai zo gida hutu, na ce bari in zauna in rubuta, ko da rubutun nawa ya karkace, Biba ta karanta miki. Wannan karon ba kuka na kawo miki ba. Labari ne da tun rasuwar mai gidana ban yi dariya irin tasa ba, ko da yake saura kaɗan ya raba ni da aikina.

Kin san aikina shara da goge-goge ne a tashar metro, jirgin ƙasan nan na cikin gari da ke tafiya babu direba. Tasharmu a ƙarƙashin ƙasa take, tas kamar faranti, kuma mu ne muke sa ta haka. Kamfanin da ya ɗauke mu yana da dokoki da yawa. Kullum da safe mukan yi sahu, shugabarmu Marwa, wata yarinya Balarabiya da ba ta kai ni shekaru ba, ta bi mu ɗaya bayan ɗaya tana duba riga da takalmi da katin wuya. Waya a kabad ake barin ta. Ba a cin abinci a bakin jirgi, ba a zama, ba a karɓar komai daga hannun fasinja, ba a tara mutane ana hira. Wanda ya karya doka a ba shi inzar, wato takardar gargaɗi. Ta ɗaya, ta biyu, in ta uku ta zo sai a cire mutum daga tasha, daga nan kuma sau da yawa sai filin jirgin sama. Kyamara kuwa ko'ina, har Bilƙisu 'yar Maradi, wadda muke aiki tare, takan ce in ka yi atishawa a ƙasa sai an ce maka yarhamukallah daga ofis.

Da Allah Ya karɓi ƙanenki, an ba ni hutun takaba cikakke, ba su rage mini ko yini ɗaya ba, wannan kam na yaba musu. Amma a ina na yi zaman? A gidan kwanan mata na kamfani, nan Sulay, inda baƙo ba ya shiga, namiji ko mace. Ki duba, Yaya. Mutumin da kowane ɗan Damagaram da ɗan Maradi a garin nan ya sani, aka yi masa sutura aka kai shi, amma matarsa ba ta ga fuskar mai gaisuwa ko ɗaya ba sai 'yan ɗakinta. Waya dai ta sha kira. Kowa kuma in ya gama addu'a sai ya ce yana nan tafe, don gaisuwar waya ba ta sauke nauyi. Nakan ce to, Allah Ya kawo ku, ban san cewa da gaske suke ba.

Ran da na koma aiki, ko rana ba ta yi tsakiya ba, ina cikin goge bakin jirgi sai ƙofa ta buɗe, ga abokan aikinsa na sito sun fito reras da hulunansu. Suka ga ƙasa na ƙyalli, sai suka tuɓe takalma kamar za su shiga ɗakin surukai. Suka durƙusa, babbansu ya ɗaga hannu, aka fara Fatiha. Ni ma ban san lokacin da na jingine sandar gogewa na durƙusa ba. Fasinjoji suka riƙa kewaye mu, wani dattijo ɗan Pakistan ya ajiye jakarsa ya shiga sahu yana amin, bai san wa ya mutu ba. Jirgi ya zo ya tafi, wani ya zo ya tafi, ba su gama ba, don kowa sai da ya yi tasa gaisuwar daban, ya tambayi yara, ya tambaye ki. Da mai gadi ya zo yana cewa mamnu', an hana, sai suka gaishe shi shi ma da haƙuri, suna tsammanin ɗan uwa ne. Da yamma Marwa ta miƙo mini takarda ta ɗaya. Ta yi mini ta'aziyya da kyau, idonta har ya kawo ruwa, amma ta ce in sa hannu.

Da na koma gida na bi mutane a waya ina roƙon su kada su zo. To amma yaya za ka ce wa mai zuwa gaisuwar mijinka kada ya zo? Bakina bai iya faɗin ta tsaye ba. Sai na riƙa cewa don Allah kada su wahalar da kansu, na yafe, addu'a daga nesa ta isa. Su kuma suka ɗauka kara nake yi musu. Suka riƙa gaya wa juna wai Sahadatou akwai kunya, ai irin wannan baiwar Allah ita ta fi cancanta a je. Wanda bai yi niyya ba ma ya ɗaura niyya. Wasu na samu na tare su da ido suka gane, muka gaisa a tsaitsaye suka wuce. Amma Anti Jamilat, wata nas 'yar Kano da ta yi jinyarsa a kwanakinsa na ƙarshe, ta sauko daga jirgi da kwanon dambu ɗaure a ɗankwali. Ta rungume ni, ta ɗora mini kwanon a hannu, ta ce in ban ci ba ba ta yafe ba, ta koma jirgi da gudu don za ta makara. Ni ga ni tsaye da kwano a tsakiyar tasha, ƙamshin man gyaɗa da albasa ya cika wuri, kyamara tana kallona. Takarda ta biyu ke nan, dambun kuma aka ƙwace.

Daga nan dariya ta ƙare. Saura ɗaya. Na riƙa tunanin makarantar yaran nan, da yadda zan sauka Damagaram in ce miki an kore ni saboda gaisuwa. Sannan akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba: ba na son barin garin da aka binne shi, ba yanzu ba tukuna. Abokan aikina ma ransu ya ɓaci, don duk wata akan zaɓi tashar da ta fi tsafta da bin doka a liƙa hoton ma'aikatanta, kuma mun daɗe muna neman wannan, sai ga shi saboda ni an sauke mu ƙasa. Ba wadda ta faɗa mini magana, amma a motar komawa gida shiru ya yi yawa. Bilƙisu ce kaɗai ba ta fasa tsiya ba. Ta ce tunda abin ya zama haka, a shimfiɗa mini tabarma a bakin jirgi, a ajiye buta da goro, a sa mai sanarwa ya riƙa cewa tasha ta gaba gidan makoki. Na ce mata Allah Ya shirye ta, ta ce amin, amma in an kawo wani dambun kada in sake in bari a ƙwace kafin ta ɗanɗana.

Sai ran da Malam Jibirilla ya zo. Kin san shi a labari, dattijon nan ɗan Mirriah mai gadin ƙofa a unguwar ofisoshin jakadanci, shi ya yi wa ƙanenki wanka, shi ya shiga kabari ya karɓe shi. Tun daga nesa na hango shi yana saukowa a matakalar nan mai tafiya da kanta, ya riƙe gefe da hannu biyu. Ya iso kusa da ni ya yi sallama. Yaya, na juya masa baya. Na amsa a zuci, na sunkuyar da kai na ci gaba da goge wurin da na riga na goge. Ina jin tsayuwarsa a bayana, ina ganin inuwarsa a ƙasa. Ya daɗe. Da jirgi ya zo sai inuwar ta tafi. Na shiga ɗakin ajiye tsintsiya na rufe, na yi kukan da ban yi ba ko ranar rasuwar. Mutumin da ya rufa wa mijina asiri na ƙarshe, ni na ba shi ƙeya saboda takarda.

Ban gama share ido ba aka ce Marwa na kira. Na hau ina cewa shi ke nan, barin wurin aiki ma laifi ne. Na iske ta zaune gaban allon kyamara. Ta tambaye ni wane ne tsohon nan. Da ɗan Larabcina na gaya mata. Sannan ta tambaya me ya sa mutanena ba sa zuwa gida su gaishe ni kamar kowa. Na ce wane gidan? Ta ce su a wurinsu kwana uku ake zaman makoki, wanda ya samu ya samu, wanda bai samu ba shi ke nan. Na ce mu wanda bai zo da ƙafarsa ba, abin yana wuyansa ko bayan shekara ne, kuma duk inda ya ga matar mamacin nan ne gidan gaisuwa. Ta ce to saura mutum nawa. Na ce ban sani ba, amma mutanen Tessaoua ba su fara ba tukuna. Sai yarinyar nan ta fashe da dariya har ta kifa kai a tebur, ni ma ga hawaye ga dariya.

Da ta natsu ta ce in saurara da kyau. Takardu biyun nan ba za ta cire ba, ba ta da ikon haka, kuma ko tana da shi ba za ta yi ba, don in ta ɗaga mini doka gobe ba ta da bakin yi wa wata magana. Suna nan har lokacinsu ya cika su faɗi da kansu, in ban ƙara ba. Ta ce taro a bakin jirgi haɗari ne, ba mugunta ce ta sa aka hana ba. Amma ta ce ba a taɓa rubuta dokar da ta hana amsa sallama ba, kada in sake yi wa tsoho haka a tasharta. Sannan ta ce tunda ni bakina ba ya iya hana mutanena, za ta sa waɗanda bakinsu ke iyawa. Ta nemi wadda za ta ba ni hutunta na Juma'a. Bilƙisu ta ɗaga hannu tana ƙunƙuni, wai ita dai kullum a kanta ake ƙarewa.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni dariya. Marwa ta tara samarin da ke tsayuwa a ƙofar duba katin shiga jirgi da masu gadi, ta ce duk wanda ya zo neman Sahadatou a tare shi tun daga sama, a gaya masa ranar Juma'a bayan la'asar, a lambun Murabba kusa da gidan tarihi. Samarin nan suka ɗauki abin kamar wasan ƙwallo. Suka koyi gane hular mutanenmu tun daga nesa, har gasa suke yi wa zai fara hangowa. Ba sa ma jira a tambaya. Da sun ga hula mai aiki sai su tare mutum da fara'a, su ce Juma'a, Murabba, bayan la'asar. Haka suka tare wani likita ɗan Nijeriya, Dokta Sambo, wanda bai taɓa jin sunana ba, hanyarsa kawai yake wucewa. Ya tambaya me za a yi, suka ce mutuwa aka yi a danginsa. Bawan Allah ya kwana yana kiran gida.

Ranar Juma'a na sa baƙar abayata na tafi da 'yan ɗakinmu, ina cewa in mutum goma suka zo an gode Allah. Yaya Delou, da kin ga lambun nan. Maza a gefe ɗaya a kan darduma, mata a gefe, yara na guje-guje a ciyawa. Mutanen sito, direbobi, masu aikin gidaje, ɗalibai, har da waɗanda rabona da su tun a Damagaram. Anti Jamilat ta kawo dambu a babbar roba, ta ce yau ta ga mai hana ni ci. Dokta Sambo ya zo da matarsa Zuwaira, ya ce tunda an gayyace shi da hukuma ai ba ya ƙin zuwa, kuma ya gode Allah da ya iske danginsa na gida duk da rai, ga kuma sababbi ya samu. Abokan aikina da suka tashi da rana suka zo da kayan gida, da ƙyar na gane wasu babu rigar aiki. Can sai ga Marwa da mahaifiyarta, da butar gahawa da dabino. Tsohuwar ta zauna kusa da ni ta riƙe hannuna, ba mu jin yaren juna sosai, amma ba ta sake shi ba har aka shafa.

Malam Jibirilla ne ya ja addu'a. Da aka gama na je na durƙusa nesa kaɗan, na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe me? Shi da ya yi shekaru a bakin ƙofa, ɗan uwansa na jini ya wuce ba ya iya ɗaga masa hannu in manya na shigowa? Ya ce tun da ya ga na juya ya gane, sai ya karanta Fatiharsa a bayana, don Wanda ake roƙo ba ya bukatar in juyo. Abin da ya dame shi kawai, in ji shi, wurin da nake ta gogewa, ya ji tsoron kada in huda ƙasar. Daga nan aka shiga labarin ƙanenki. Ashe shi ke yi wa rabin mutanen sito aski ranar Juma'a, kyauta, kuma askin ba kyau. Wani ya cire hula ya nuna inda ya taɓa zabge masa, ya ce tun da ya rasu kansa ya huta amma zuciyarsa ba ta huta ba. Maza suka yi ta dariya suna share ido. Ki gaya wa Bachir wannan, ya san ubansa.

Akwai wata Hajar 'yar Uganda a cikinmu, mai shiru-shiru, ba ta taɓa samun ko gargaɗin baki ba. Ina lura da ita tana raba gahawa tana hawaye, na ɗauka tausayina ne. Na jawo ta gefe, sai ta ce mini mahaifiyarta ta rasu tun ina cikin takaba. Da safe aka gaya mata a waya, ta sa wayar a kabad, ta shiga sahu, ta yi aikinta. Ba wanda ya sani, har Marwa. Ba wanda ya ce mata sannu. Na gaya wa Anti Jamilat, ita kuwa ba ta iya riƙe magana, nan take ta aika wa Malam Jibirilla. Ya ce a koma a zauna, wanda ya sa takalmi ya cire. Aka tambayi sunan tsohuwar, aka yi mata addu'a kamar yadda aka yi wa namu. Sannan mata suka yi layi, ɗaya bayan ɗaya, kowa ta durƙusa gaban Hajar tana ya haƙuri, ya aka ji da rashi, maza suna yi daga inda suke. Ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya. Na raɗa mata ta riƙa cewa da godiya. Haka ta yi ta faɗa, da godiya, da godiya, tana kuka tana murmushi, har aka kira magariba.

Washegari a sahun safe, bayan an gama duba riga da takalmi, Marwa ta ce daga yau duk wadda aka yi wa rashi ta faɗa, za a tsaya a nan a gaishe ta kafin a buɗe ƙofa. Bilƙisu ta ce ita ma a gaishe ta, ta yi rashin Juma'a. Na miƙa mata ƙullin dambunta a mota, ta ce ta haƙura. Hotonmu dai ba a liƙa ba wannan watan, amma motar komawa gida ta dawo da surutu. Tun ranar babu wanda ya sake durƙusawa a bakin jirgi. Mutanenmu suna wucewa, su yi sallama, in amsa da ƙarfi, kowa ya kama gabansa. Takarduna biyu suna nan a ofis, ta uku ba ta zo ba, kuma in Allah Ya yarda ba za ta zo ba. Ni kuma, Yaya, sai a lambun nan na ji an yi wa mijina abin da ake yi wa mutum. Da na dawo na yi barci har sai da aka tashe ni salla.

Ki gaishe mini da Inna Mariamou, ki ce ina nan ina shan maganin da ta aiko. Ki gaida Kawu Maiwada da iyalinsa, da maƙwabta na gabas da na yamma, da duk wanda ya zauna muku makoki a nan gida. Ki shafa mini kan Biba da Bachir, su dage da karatu, su riƙa yi wa babansu addu'a bayan kowace salla. Na ji Kawu yana shirin zuwa Umra, har yana cewa zai biyo ta Riyad ya yi mini gaisuwa da ƙafarsa. Ina murna, Allah Ya kawo shi lafiya. Amma don girman Allah ki faɗa masa tsaye, ke da bakinki ke iyawa: kada ya zo tasha. Ya kira ni, in sa abayata in same shi a waje, ya yi Fatiharsa iya tsawon da yake so.

Allah Ya bar mu tare, Ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki, matar ƙanenki har gobe,
Sahadatou